Wai da gaske ana zuba dalma a cikin robar waya da bututun ruwa?

Mai Wayarin: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga masana kimiyyar da ke gidan nan. Jiya muna cire tsohon wayarin a wani gini da ya haura shekara 30. Abin da ya ɗaure mini kai, robar jikin wayar lafiyarta lau, ka lanƙwasa ta ba ta tsagewa, ko inda ta jingina da fitila mai zafi ba ta yi baƙi ba. Ga wata kuma da ba ta fi shekara 5 da sakawa ba, har ta bushe tana ɓarewa. Abokin aikina ya ce sirrin dalma ce, wai da can ana zuba dalma a cikin robar. Na ce masa haba, dalma ai ƙarfe ce, wuta na bin ta, ta yaya za a sa ta cikin abin da aka yi don ya hana wuta wucewa? Muka yi ta musu har aka tashi aiki. Shin gaskiya ne? In kuwa gaskiya ne akwai matsala, don ni shekara 18 ke nan da haƙori nake ɓare waya idan filaya ta yi mini nisa.

Injiniyan Roba: Wa alaikumus salam. Abokinka ya fi ka gaskiya, malam. Na yi shekaru ina tsaye a kan injin da ke fitar da bututun PVC, wato irin robar da ake yin rufin waya da bututu da ita, da hannuna na sha auna garin dalmar. Fari ne sol, ga nauyi, in ka ɗaga buhunsa sai ka rantse duwatsu aka cusa. A masana'anta sitabilaiza muke ce masa. Haƙorin nan kuma ka daina tun yau.

Ɗalibi: Sitabilaiza kuma? Ni na ɗauka wanda ake jona wa firji ne saboda hawa da saukar wuta.

Injiniyan Roba: Suna ne kawai ya zo ɗaya, ƙanena. Wannan makarin zafi ne, shi ke hana roba ƙonewa a cikin inji.

Malamar Kimiyya: Bari in ɗan warware, don tambayar Mai Wayarin tana da ma'ana. Da farko ba ƙarfen dalma ake zubawa ba, haɗe-haɗenta ne da wasu sinadarai. Dubi gishiri: a cikinsa akwai sodiyam, ƙarfen da in ka jefa shi a ruwa yake kamawa da wuta, amma gishirin kansa ba ya yin haka. To haka garin nan yake, akwai dalma a cikinsa amma wuta ba ta bin sa.

Dalilin sa shi kuwa, halin PVC ne. Kusan kashi 57 cikin 100 na nauyinta kulorin ne. Kafin ta yi laushin da za a sarrafa ta sai an kai ta digiri 160 zuwa 200 a ma'aunin Salshiyas, alhali tun kafin a kai can ta fara rugujewa. Kulorin yakan fizgo haidurojin ɗin da ke maƙwabtaka da shi, su fice tare a matsayin iskar asid, wato HCl. Muguntar abin, asid ɗin da ya fita shi ke ingiza na gaba ya fita. Kun san ɗinkin bakin buhu, in ka samo kan zaren ka ja sau ɗaya sai ya warware har ƙarshe. Haka sarƙar PVC take yi. Ido ma yana gani: fara ta koma rawaya, ta yi ja-ja, ta yi ruwan ƙasa, ta ƙare a baƙa ƙirin mai karyewa.

Aikin dalma shi ne cafke asid ɗin nan tun yana fitowa. Oksaid ɗin dalma, PbO, yana haɗiye HCl ya koma kulorayid ɗin dalma, PbCl2. Shi kuma wannan ba ya narkewa a ruwa sosai, ba ya kuma ingiza rugujewar. Ya zauna shiru inda yake. Shi ya sa masu yin waya suka ƙaunace ta: ko wayar ta shekara a cikin laima, babu wani gishiri mai narkewa da zai buɗe wa wuta hanyar yoyo.

Amma in gyara wa abokinka abu ɗaya. Laushin tsohuwar wayar ba aikin dalma ba ne, wani mai ne daban da ake cakuɗawa don ya tausasa robar. Sabuwar da ta bushe, mai yiwuwa an yi mata ƙwauron man, an cika ta da garin alli don a rage kuɗi. Rashin yin baƙi a wurin zafi, wannan kam za a iya ba dalma ladarsa.

Mai Wayarin: Allah ya ƙara basira, Malama. Wato mu duka biyun rabi-rabi muka sani.

Injiniyan Roba: Kuma garin dalmar ba iri ɗaya ba ne, kowanne da wurinsa. Wanda ya fi yawo shi ne salfet ɗin dalma mai oksaid uku, 3PbO·PbSO4·H2O, shi ne jakin aikin, waya da bututu duk shi. Akwai ɗan'uwansa mai oksaid huɗu. In kaya za su zauna a rana, irin firam ɗin taga da indararo, sai a nemi fosfait ɗin dalma, don shi ban da zafi yana taimakawa wajen jure hasken rana da iska. Tsohon cikinsu kabonet ne, farar dalmar nan da aka yi ta yin fenti da ita shekaru aru-aru. Mun guje shi saboda in zafi ya yi yawa yana fitar da iska, ka yanka bututu ka tarar da ƙananan ramuka a cikin naman robar. Sai sitiyaret, wanda shi sabulun dalma ne, ana ɗan barbaɗa shi don robar ta sulale a jikin ƙarfen inji kada ta manne. Duka-duka abin da ake zubawa bai taka kara ya karya ba, kamar kashi 2 zuwa 5 a kan kowane kashi 100 na garin PVC, ya danganta da abin da za a ƙera.

Zan faɗi gaskiyata ko da za a jefe ni: ta fuskar aiki zalla, ban taɓa ganin abin da ya kai dalma haƙuri ba. Ranar da muka fara gwada haɗin kalsiyam da zinki a madadin dalma, wuta ta ɗauke mana na 'yan mintoci roba na cikin inji da zafinta. Da dalma ce, ka tayar da inji ka ci gaba, ƙila mita biyu na farko su ɗan yi rawaya. Wannan kuwa da muka kunna, abin da ya fito baƙi ne kamar gawayi, warin asid ya cika wurin har idanu na hawaye. Kwana guda muka yi muna kwance inji muna kankare shi.

Malamar Kimiyya: Wannan sanannen hali ne na zinki. Shi ma yana cafke asid, amma kulorayid ɗin zinki da yake zama mugun mai ingiza rugujewa ne. Yana taruwa shiru-shiru, da ya kai wani mizani sai robar ta ƙone farat ɗaya ba gargaɗi. Don haka ake haɗa shi da kalsiyam da wasu mataimaka irin haidurotalsait su riƙa kwashe masa kulorin ɗin. Haɗin yanzu ya fi na farko-farko nesa ba kusa ba, Injiniya. Kada ka yi wa ɗa hukunci da laifin kakansa.

Maman Biyu: Don Allah ku tsaya. Ni duk bayanin nan kalma ɗaya ta tsaya mini a rai, bututu. Kuna nufin bututun da ruwan shan yarana ke bi akwai dalma a ciki? Innalillahi.

Injiniyan Roba: Hajiya kwantar da hankalinki. Ba kowane bututu ba, kuma ko mai dalmar ne, a kulle take cikin robar kamar tsakuwa a cikin kankare. Abin da ruwa ke iya wankowa na saman fatar ciki ne, yawancinsa a kwanakin farko na sabon bututu, daga nan ya yi ƙasa sosai. Ba daidai yake da tsohon bututun da aka ƙera da ƙarfen dalma zalla ba, wanda yake ta saki har ƙarshen rayuwarsa.

Likitan Yara: Injiniya, na yarda da kai cewa ba ɗaya suke ba, amma kalmar nan “ya yi ƙasa sosai” ita ce ba ta kwanta mini ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Mizanin da ta sa wa ruwan sha, maikurogiram 10 a kowace lita, na wucin gadi ne, an tsaya a nan ne saboda abin da ake iya aunawa da cim masa a aikace, ba don an tabbatar ƙasa da haka lafiya ba ne. Tarayyar Turai ma ta riga ta tsara sauko da nata zuwa 5 nan da 2036.

Jiki ba ya bambance dalma da kalsiyam da kyau. Yana ɗaukarta ya ajiye a ƙashi da haƙori, ta zauna shekaru gommai, alhali a jini cikin kamar wata guda rabinta ke barin wurin. Mace ta samu ciki, jiki ya fara ɗebo kalsiyam daga ƙashi don jariri, dalmar da ta shiga tun tana yarinya ta biyo. Yaro ƙarami kuma hanjinsa na tsotse ninki 4 zuwa 5 na abin da babba zai tsotse daga abu ɗaya, ga ƙwaƙwalwarsa tana kan ginuwa. Ba zazzaɓi za ka gani ba, ba ƙuraje ba. Yaro ne kawai da ya kamata ya fi haka fahimta a aji, ba wanda zai taɓa sanin dalili. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka tun 2021 ta mayar da ma'aunin da take fara bibiyar yaro zuwa maikurogiram 3.5 a kowace desilita ta jini. Ku duba ƙanƙantar wannan.

Injiniyan Roba: Likita ban musa ko ɗaya ba. Abin da nake cewa, in ana lissafin ta inda dalma ke shiga jikin yaro, bututun PVC da ke binne a bango yana can ƙasan layi. Tsohon fenti, ƙurar wurin fasa batir, kan famfo na tagulla mai gauraye da dalma, dalmar da ake liƙe bututun jan ƙarfe da ita, duk sun sha gabansa. Kada mu sa Hajiya ta fasa bangon gidanta ta bar inda gizo ke saƙar.

Likitan Yara: A nan mun haɗu. Ban ce ta fasa bango ba. Amma jini ba ya tambayar daga ina kowane ɗigo ya zo, tara su yake yi. In akwai abin maye, kuma akwai, to babu hujjar a ci gaba da sa ta a bututun ruwan sha.

Mai Famfo: Hajiya ga shawarar mai aikin hannu. In an sa sabon bututu, a bar ruwa ya zuba sosai kafin a fara sha. In ruwa ya kwana a bututu ko an yi tafiya an dawo, a saki na farko a yi wanki da shi. Kada a ɗebi na famfon zafi don dafa abinci ko haɗa madarar jariri. Babban abin da nake gani kullum kuma, mutane na sayen bututun magudana ko na rufe waya su ja ruwan sha da shi don ya fi araha. Kowanne da aikinsa, a rubuce yake a jikinsa. Tafasa ruwa kuma ba ya cire dalma, ruwan ne ke raguwa ita tana nan.

Maman Biyu: Na gode Malam. Wallahi da tafasawar na dogara.

Malamar Kimiyya: Ina so in koma kan maganar “a kulle take”. Gaskiya ce, amma da sharaɗi: muddin robar na nan lafiya. Akwai misali da ya faru a Amurka a watan Yunin 1996. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta ƙasar ta yi gargaɗi kan labulen taga na roba, irin mai sirara-siraran faifai da ake ja da igiya. Ana shigo da kimanin miliyan 25 duk shekara daga Chaina, Taiwan, Meziko da Indunusiya, an sa musu makarin zafi na dalma. Rana da zafi suka riƙa cin saman robar, tana zama gari, dalmar na fitowa a matsayin ƙura a kan faifan. Yaro ya tsaya a taga yana leƙen waje, ya shafa, ya kai hannu baki. Ba wanda ya tauna komai, ba wanda ya ƙona komai. Kankaren Injiniya ne ya zaizaye, tsakuwar ta fito.

Duk wanda ya taɓa shafa tsohon bututun da ya shekara a rana ya ga farin gari a tafin hannunsa, ya san abin da nake nufi. Yawancin garin robar ce da alli da farin launi, amma in da dalma aka yi bututun, tana ciki.

Injiniyan Roba: Wannan kam na sallama. Kuma tunda ana faɗin gaskiya, wanda ya fi kowa shan ta ba mai gida ba ne, mu ne. A wani wuri da na yi aiki, ba zan kama suna ba, yaron da ke juye buhun garin a injin cakuɗa ba shi da komai a fuska sai tsumma. In ya fito gashin idonsa fari fat. A wurin yake wanke hannu sama-sama ya ci abinci, da kayan yake komawa gida ya ɗauki 'yarsa. Ya yi ta fama da ciwon ciki da kasala, ana ta ba shi maganin ulsa. Sai da wani likita ya tambaye shi aikinsa aka auna jininsa. Daga baya ne aka koma sayen haɗin da aka dunƙule shi kamar ƙwayoyi, wanda ba ya tashi ƙura. Har yau in na tuna na kan ji ba daɗi, don ni ne ke sa hannu a takardar aikin ranar.

Likitan Yara: Allah ya ba shi lafiya. Abin da ka kwatanta shi ne hoton da muke karantawa a littafi: murɗar ciki, ƙarancin jini saboda dalma na toshe hanyar da jiki ke ƙera jan jini, hawan jini, taɓuwar ƙoda. Hukumar binciken cutar kansa ta duniya ma ta sa irin waɗannan haɗe-haɗen dalma a rukunin 2A, wato waɗanda ake kyautata zaton suna jawo cutar kansa. 'Yar tasa ita ma ya kamata a ce an auna ta.

Ɗan Gwangwan: Ni fa ina ta karatu ina shiru. Ranku ya daɗe, mu da muke ƙona waya mu ciro jan ƙarfe fa? Hayaƙin dai mun san yana shaƙe mutum, amma mun ɗauka in iska ta kwashe shi ke nan.

Malamar Kimiyya: Kai ne ma ya kamata ka fi kowa magana. Wuta ita ce mabuɗin da ke sakin komai lokaci guda. Abin da ke shaƙe ka asid ɗin nan ne, HCl. Tare da shi akwai dayoksin, wani sinadari mai guba da ke samuwa idan abu mai kulorin ya ci wuta a fili. Dalmar kuma kashi biyu take rabuwa: wata ta bi hayaƙi a matsayin ƙura mai laushin da ke shiga can cikin huhu, wata ta zauna a toka. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa ta ƙare, sinadari ce ta asali. Wurin da kuka shekara kuna ƙonawa, ƙasarsa za ta riƙe ta bayan ku da jikokinku. Akwai ƙaramin inji mai tsaga robar a tsaye ya zare ƙarfen, har da na juyawa da hannu. Ƙarfen da aka fere ma ya fi wanda ya sha wuta kyau a idon mai saye.

Ɗan Gwangwan: Wannan gaskiya ne, ja sol ya fi daraja. Matsalar sirara ne, masu kamar gashi, su ba sa feruwa.

Malamar Kimiyya: Su niƙa su ake yi a inji, a rarrabe ƙarfe da roba ta hanyar nauyi. Na san ba kowa ke da shi ba. Amma gara a tara a sayar wa mai injin da a cinna musu wuta.

Baba Mai Ritaya: 'Ya'yana, na bi ku tun daga sama. Ku bar ni in kawo inda ni nake ganin ƙullin yake, don maganar a daina ko kada a daina an riga an wuce ta a wurare da yawa. Masu masana'antar PVC na Turai sun yi alkawari da kansu a shekarar 2000, suka fara da ajiye kadmiyam, wani ƙarfe mai guba, a 2001, suka kammala barin dalma a ƙarshen 2015. Dokar Turai kan kayan lantarki mai suna RoHS ta taƙaita dalma tun Yulin 2006. Amurka dama bututunta na ruwa da haɗin kuza aka saba yin sa. Indiya ta fitar da ƙa'idojinta kan dalma a bututun PVC a 2021. To amma tagogi da bututai da wayoyin da aka yi shekara 50 ana ƙerawa fa? Firam ɗin taga yana kai shekara 40 a jikin gini. Yanzu ne ake ciro su, tan-tan. A yi yaya da su?

Turawan kansu sai da suka yi rigima a kai. Hukumar Tarayyar ta kawo shawarar a ƙyale robar da aka sake sarrafawa ta ɗauki dalma fiye da sabuwa, majalisarsu ta yi fatali da ita a Fabrairun 2020. Sai a 2023 aka daidaita a doka mai lamba 2023/923: daga 29 ga Nuwamban 2024 ba a sayar da kayan PVC da dalmarsu ta kai kashi 0.1 cikin 100, har da waɗanda aka shigo da su daga waje. Amma an bar ƙofa ga tsohuwar roba mai tauri da aka sake narkawa, tana iya ɗaukar ƙasa da kashi 1.5 har zuwa Mayun 2033, a wasu kayan gini kawai, ban da bututun ruwan sha, kuma a rubuta a jiki cewa akwai dalma. A ganina sun yi hankali.

Likitan Yara: Baba, da girmamawa, ni ina tare da 'yan majalisar da suka ƙi tun farko. An gano abu guba ne, an samu damar tattara shi wuri ɗaya, sai kuma a niƙa shi a sake watsa shi cikin sababbin gidaje na wasu shekara 40? An gudu ba a tsira ba ke nan.

Baba Mai Ritaya: To Likita, ina za ka kai shi? Ka ƙona, Malama ta gaya maka abin da wuta ke yi, ko a babban injin ƙona shara sai ka nemi inda za ka binne tokar. Ka binne shi ɗanye, ka cinye fili, sannan ka ƙera sabuwar roba daga farko da duk makamashin da take ci. In aka sa tsohuwar a tsakiya aka lulluɓe ta da sabuwa ciki da waje, rana ba ta ganinta, hannun yaro ba ya taɓa ta, an kuma san inda take.

Likitan Yara: An san inda take a takarda, Baba. Ranar da aka rushe ginin, mai kwasar baraguzai ba zai tsaya karanta tambari ba.

Injiniyan Roba: Ku duka kuna da gaskiya, amma tsarin Baba yana aiki ne kawai inda taga ke komawa taga. Inda babu mai sa ido, abin da na gani da idona daban ne. Ana haɗa tsohuwar robar waya, guntayen bututu, duk abin da aka samu, a niƙa, a zuba baƙin launi ya rufe asiri. Daga nan ta zama tiyon ban ruwa, tafin takalmi, tabarmar mota, wani lokaci har abin wasan yara. Mai injin bai sayi dalma ko cokali ɗaya ba, zai iya rantsuwa bai zuba ba, kuma bai yi ƙarya ba. Ga ta nan dai a ciki. Amurka ta kayyade dalma a kayan yara kada ta wuce kashi 100 cikin miliyan, tsohuwar robar waya kuwa tana iya ninka wannan sau ɗari ko fiye.

Maman Biyu: Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Na shigo da tsoron bututu, zan fita da tsoron tiyo. Yarana da bakinsu suke shan ruwa a tiyon wanke mota.

Mai Famfo: Wannan kam a hana su, Hajiya, musamman ruwan farko da ya sha rana a ciki.

Ɗalibi: Malama, akwai yadda mutum zai gane roba mai dalma da ido?

Malamar Kimiyya: Da ido kai tsaye a'a. Abu ɗaya da zan iya ce maka, garin dalma yana dushe roba, don haka PVC da kake hango abu ta cikinta garau da wuya a ce da waɗannan aka yi ta. Amma kada ka juya maganar, ba duk mai duhu ke da dalma ba, kuma rashin dalma ba ya nufin babu wani abin. A ɗakin gwaji muna amfani da ƙiyayyar da ke tsakanin dalma da farar wuta: in sinadarin salfaid ya taɓa ta sai ta koma baƙa. Shi ya sa farar roba mai dalma kan yi dabbare-dabbare a inda iska ke warin ruɓaɓɓen ƙwai. Tabbataccen gwaji na'urar XRF ce, kamar ƙaramar bindiga, a ɗora a jikin abu cikin daƙiƙoƙi ta faɗi ƙarafan da ke ciki ba tare da an yanka ba.

Injiniyan Roba: Baƙin nan ya taɓa cin mu. Muka haɗa ragowar roba mai dalma da wata mai haɗin kuza, ba mu san na kuzar yana ɗauke da farar wuta ba. Fararen bututu muke jira, masu ruwan toka suka fito, lodi guda.

Mai Wayarin: To jama'a, ni da na tayar da ƙurar. Na sayi abin ɓare waya ɗazu, na rataye shi a wuya da igiya don kada in ce ya yi nisa. Likita, shekara 18 ɗin nan fa, in je a auna ni ko in bar wa Allah?

Likitan Yara: Ka je, gwajin jini ne kawai, ka ce na dalma kake so kuma ka faɗa musu sana'arka. Ka sani dai jini na nuna na kwanan nan ne fiye da na shekarun baya. Ina kyautata zaton ba zai yi yawa ba, tunda tofarwa kake yi ba haɗiyewa ba, ƙila ma dalmar da kake narkawa wajen liƙin waya ta fi robar shigar ka. Ka riƙa wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, kayan aiki kuma kada su shiga ɗakin yara.

Mai Wayarin: In sha Allahu gobe. Saura tsohuwar wayar da muka cire, buhu uku ce.

Ɗan Gwangwan: Kawo ta, na yi alkawari ferewa zan yi, ba wuta. Amma Baba da Likita ku ba ni amsa tukuna, in na zare ƙarfen, robar da ta rage in kai ta ina? Mai niƙa ne kaɗai ke saye, kuma yanzu na ji abin da yake yi da ita.